Babur na Farko: Lissafin da Ɗalibi Zai Yi Kafin Ya Miƙa Kuɗi

Bakwai da rabi na safe kana tsaye a Kabuga, lakca ƙarfe takwas a sabuwar BUK, duk ɗan adaidaitan da ya zo a cike yake, wanda ba a cike ba kuma ya faɗi kuɗin da zai cinye maka na karin kumallo. Kana cikin haka sai ɗan ajinku ya wuce fuu a kan Boxer, jakarsa a baya, ko waiwaye babu. A nan sha'awar babur take shiga zuciyar ɗalibi, ko a Samaru yake, ko a hanyar Dundaye, ko a Yelwa ta Bauchi. Ni ma a irin wannan tsayuwar ta shige ni, na saya ina aji biyu, na ji daɗinsa, na kuma sha wahalarsa. Abin da na gane shi ne, kuɗin sayen babur shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da babur zai nema a wurinka. Don haka ƙanena, kafin ka nufi wurin dillalai, mu bi abin daki-daki.

Mataki na farko: wata guda da biro da takarda

Kada ka sayi komai tukuna. Samu ƙaramin littafi, ka yi wata ɗaya cur kana rubuta duk kwabon da ka kashe a kan abin hawa: zuwa makaranta, dawowa, zuwa kasuwa, zuwa gaida inna, har da zuwa zance in kana zuwa. Kada ka yi kintace. Ɗalibai da yawa sun ɗauka kuɗin mota ne yake cinye su, sai an rubuta a ga ashe data ce da tsire.

A shafi na gaba ka yi wa babur nasa lissafin. A ce daga gidanku zuwa makaranta kilomita 12 ne. Zuwa da dawowa 24 ke nan, a kwana 22 na karatu ya kama kilomita 528. Ƙaramin babur mai lafiya irin mai 100cc yana iya yin kamar kilomita 40 da lita ɗaya a cikin gari, wato lita 13 da ɗan wani abu. Ka ninka da farashin lita a gidan man unguwarku. Sai dai kada ka tsaya a nan, ka ƙara rabin wannan adadi a kai. Dalili kuwa, wanda yake da babur ba ya zama. Tafiyar da a da za ka ce "sai wani jiƙon" saboda kuɗin mota, yanzu kik ɗaya ne. Ga aiken gida, wanda zai dawo kanka gaba ɗaya daga ranar da aka ga ka shigo da mashin: cefane, kai niƙa, ɗauko yara daga Islamiyya, kai Hajiya sako gidan biki.

Sannan ka sa juyen baƙin mai, faci, fulogi, wanki, kuɗin ajiya a kasuwa da asibiti, da ɗan abin da za ka riƙa warewa duk wata saboda ranar da taya ko sarƙa za su ce sun gaji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafi ya canza fuska. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kayan gyara kuma suka bi dala. Kuɗin adaidaita ma ya tashi, shi ya sa babur yake iya zama riba ga mai doguwar hanya. Amma in a hostal kake, ko ɗakin da ka kama bai fi tafiyar minti ashirin da ƙafa ba, takardar da kanta za ta gaya maka cewa kwalliya kake nema. Keke mai kyau ya ishe ka, ba ya shan mai, ɓarawo ma bai cika wahalar da kansa a kai ba.

Mataki na biyu: kuɗin daga ina?

Sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, na hannu mai kyau ma ba abin wasa ba ne. In kuɗin rajista za ka taɓa, ko na hayar ɗaki, maganar ta ƙare a nan. In bashi za ka ci da niyyar biya daga dubu ashirin ɗin da hukumar bashin karatu ta NELFUND take ba ɗalibai duk wata, ka tuna ita ma bashi ce, ka ɗora bashi a kan bashi ke nan.

Akwai masu bayar da babur a biya kaɗan-kaɗan, kullum ko duk mako ka kai balas. Wannan tsari na wanda zai wuni a kan titi yana nema ne. Ɗalibin da ya shiga ciki yakan wayi gari yana zaɓa tsakanin lakcar ƙarfe biyu da balas ɗin yamma, kuma balas ne yake cin nasara, domin malami ba zai zo ya ƙwace maka komai ba, mai babur kuwa zai zo. In kana da sana'ar da babur zai ƙara wa gudu, kamar kai kaya ga masu saye ta intanet, gyaran waya gida-gida, ko koyar da yara darasi da yamma a unguwanni biyu uku, to babur ɗin yana da abin da zai ci da kansa, wannan magana ce daban.

Kada kuma ka saya a ɓoye. Ka zauna da Baba ka nuna masa lissafin nan na takarda. Iyaye ba kuɗin suke ji ba, gadon asibiti suke hangowa, kuma suna da hujja. In suka ce a'a, ka haƙura zuwa wani zangon. Ranar da tsautsayi ya faɗa, su za a kira.

Mataki na uku: dokar garin da kake

Mutane suna tsallake wannan, sai sun saya su fara kuka. A Kano, tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaba da goyo a cikin birni. Ana sassautawa, ana tsanantawa, amma duk wanda ya saya da niyyar ya riƙa ɗaukar fasinja a birnin Kano ya gina lissafinsa a kan yashi. A Kaduna, a ƙarshen Satumban 2021 an hana hawa babur kwata-kwata na wata uku saboda matsalar tsaro, na haya da na gida duka. A Nijar ma an yi irin wannan hani a yankin Diffa da Tillaberi. Wasu garuruwan kuma awa ake sa wa: daga ƙarfe kaza na dare babu babur. Ka tambayi masu hawa a garin da makarantarku take, ka kuma tambayi ofishin tsaro na makaranta ko suna da sharaɗin shiga da babur da wurin ajiya.

Mataki na huɗu: ka koya kafin ka mallaka

Yawancinmu a bayan gari muka koya, a kan mashin ɗin yaya, cikin yini biyu. Abin da muka koya shi ne tayarwa da sa giya. Tsayawa ba wanda ya koya mana, alhali ita ce tuƙin.

Ka nemi wanda ya daɗe yana hawa, mai natsuwa, ba gwanin ɗaga taya a bikin abokai ba. Ku je fili. Ka koyi sakin kuloci a hankali har ka daina kashe inji. Ka koyi tafiya a hankali ƙwarai ba tare da sauke ƙafa ba, domin cunkoson Ƙofar Famfo ko na PZ ba gudu yake buƙata ba. Sai babban darasi: birki. Akwai camfin da ya yaɗu cewa birkin gaba yana kayar da mutum, har wasu suke kwance shi. Gaskiyar ita ce mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake, saboda nauyi gaba yake komawa idan an taka birki. Abin da yake kayarwa shi ne damƙe shi lokaci ɗaya, ko kama shi a kan yashi ko a tsakiyar kwana. Ka koyi matsa shi sannu a hankali tare da na ƙafa. Ka ja layi a ƙasa, ka taho da gudu kaɗan, ka tsaya a kan layin, ka maimaita har hannunka ya riƙa yi ba tare da shawara da kai ba.

Sauran darasin titi ne zai ba ka, amma ga waɗanda bai kamata ka biya kuɗin koyonsu da fatarka ba. Ɗan adaidaita yana iya tsayawa ko ya karya kan kekensa a duk inda ya hango fasinja, ba sigina, saboda haka ka bar tazara. Kada ka shiga gefen tirela ko tifa a kwana. In ba ka ganin madubin direba, shi ma ba ya ganin ka. Yashin da yake taruwa a bakin kwalta ya fi rami haɗari. Ruwan farko na damina yana taso da man da ya zuba a titi, kwalta ta zama kamar an shafa kuɓewa. Akuya ɗaya in ta tsallaka, akwai ta biyu a bayanta. Bin hannun da ba naka ba don ka rage zagaye shi ne gangancin da ya fi kowanne jawo karo gaba da gaba.

Ka yi lasisi. Na babur shi ne rukunin A, kuma sai ka cika shekara 18.

Mataki na biyar: hular kwano tana cikin kuɗin babur

Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, amma har gobe tunaninmu bai yi nisa da na masu ƙwaryar ba: hula ta jami'i ce, ba ta kai ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan rauni a kai kuma da kusan kashi 70. Karaya a ƙafa ana kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a yi watanni ana jinya a tashi. Kai kuwa da shi ka zo jami'a, in ya taɓu babu abin da ya rage na karatun.

Ka sayi mai rufe haɓa, wadda ta kama kanka ba ta rawa, ka ɗaure igiyarta. Hular leburan gini ba hular babur ba ce. Na san zafin watan Afrilu, na kuma san za a tsokane ka a ce ka zama ɗan sama jannati. Kwana uku ne su gaji. Ka bar silifas, ka sa takalmi sau-ciki. In ka sa babbar riga ko jallabiya ranar Juma'a, ka tattare ta ka zauna a kai, domin sarƙa da waya ba sa tambaya kafin su ja. 'Yan mata masu hawa, kamar yadda aka saba gani a Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, hijabi da abaya su ne abin lura na farko. Duk wanda ka goya kuma ka gaya masa ya kula da salansa. Tabon da take bari a ƙwauri ba ya gogewa.

Mataki na shida: wane iri, sabo ko na hannu

Ƙa'idata ɗaya ce: ka sayi wanda bakaniken bakin layinku ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, kayan gyaransa kuma ana samu a kowane shago. Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng, Honda Ace, da ƙananan nan da ake kira Lifan ko roba-roba, duk sun cika wannan sharaɗi. Boxer ya fi juriya da sauƙin sayarwa, amma farin jininsa ya sa ɓarayi ma sun fi son sa. Roba-roba ya fi sauƙin sarrafawa da ƙarancin shan mai, sai dai ba ya son rami da kaya masu nauyi. Daga 100cc zuwa 125cc ya ishi ɗalibi. Manyan baburan nan masu ruri da ake shigowa da su na hannu, ka bar wa masu albashi. Ƙaramin abu in ya lalace sai a yi wata ana jiran a kawo shi daga Legas.

In da hali, sabo ya fi kwanciyar hankali. Ka lallaɓa shi a kilomita dubun farko, ba gudu, ba lodi, ka yi juyen farko da wuri, wajen kilomita 500.

Na hannu kuwa, a nan aka yi mini wanka. Na je ni kaɗai da yamma, na tarar an riga an tayar da mashin ya yi zafi, an wanke shi yana ƙyalli, ƙararsa luwai. Bayan mako biyu ya fara hayaƙi kamar ana gasa masara. Ashe baƙin mai mai kauri aka ɗura masa don ya ɓoye ƙarar inji, ringi da fistin duk sun gama aiki. Abin da na kashe a gyara da na haɗa da na saye, da na ɗauki wanda ya fi shi nesa ba kusa ba.

Don haka ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ku je da sassafe, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake, a tayar a gabanka. Lafiyayyen inji kik ɗaya ko biyu ne. Ka tsaya a baya a murɗa totur: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana cin baƙin mai, baƙi kuma fetur yake sha fiye da ƙima. A zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa. A kwance fulogi a duba bakinsa. In ya jiƙe da mai, ka san labarin. Ka duba ƙarƙashin inji ko yana yoyo. Ka kalli haƙoran da sarƙa take hawa, in sun yi tsini sun kwanta gefe, canji ya zo. Ka kafe shi a tsaye ka girgiza tayar baya hagu da dama. Ka tsuguna a bayansa ka ga ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya, ka leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan babur ko akwai walda ko sabon fenti a wuri ɗaya, alamar ya taɓa cin karo ke nan. A ƙarshe bakaniken ya hau ya zagaya, ya bi duk giyoyin. Lambar kilomita da take jikin agogo kada ka ba ta muhimmanci, yawancinsu an daɗe da cire musu waya.

Mataki na bakwai: takardu

Babur mai arha marar takarda hanyar ofishin 'yan sanda ce. Ka karɓi rasit na asali daga shagon da aka fara sayensa. Ka duba lambar inji da lambar shasi a jikin ƙarfen da idonka, harafi bayan harafi, ka gwada da na takarda. In ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, ka yi sallama ka tafi, ko nawa aka rage maka. A rubuta yarjejeniyar ciniki da sunan mai sayarwa, adireshinsa, hoton katin shaidarsa, da shaidu biyu. In a unguwa ne, a yi a gaban mai unguwa. Ka biya ta banki don a samu shaida. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi "sallama".

Daga nan sai lamba da rajista da sunanka a ofishin harajin jiha, da inshora. Inshorar dole ta babur, a tsarin da ya fara aiki a Janairun 2023, naira 3,000 ce a shekara. Takardun asali su zauna a gida, ka yi yawo da kwafi, ka kuma ajiye hotonsu a waya. Wanda takardunsa suka cika, tsayuwarsa da jami'an hanya irin 'yan KAROTA ko KASTLEA ko VIO gajeriya ce.

Mataki na takwas: ɓarawo da aboki

Ɓarawon babur ya san jadawalinka: sallar Juma'a, ɗakin jarrabawa, layin banki, gidan kallon ƙwallo. Makullin kai kaɗai minti ɗaya ne a wurinsa. Ka ƙara da sarƙa mai kauri da kwaɗo, ka ɗaure da wani abu kafaffe, ka sa bakanike ya yi maka ɓoyayyen makunni da zai yanke wuta. Ka ajiye a wurin masu gadi ka karɓi kati, ko da za ka ƙara tafiyar ƙafa. Da daddare ya kwana a cikin gida, ba a soro ba. In kuma aka tare ka da makami, ka sauka ka ba su.

Aboki ya fi ɓarawo wuyar sha'ani, domin shi da murmushi yake zuwa. "Ba ni makulli, yanzu zan dawo." Zai dawo bayan Magariba, tanki a bushe, madubi ɗaya a hannu, yana ce maka wani ne ya goge shi. In ya buge mutum kuwa, lambar da aka rubuta taka ce, kai za a nema. Ka yanke hukunci tun ranar farko, kafin a saba: ba ka bayar da aro, amma duk mai uzuri na gaske za ka kai shi da kanka. Za a ce ka yi rowa na mako biyu. In ka fara bayarwa sannan ka hana, gabar sai ta kai ku har ranar yaye ɗalibai. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce, na ce Baba ne ya kafa sharaɗin, kuma da ma ya kafa.

Mataki na tara: hidimar yau da kullum

Wannan ba shi da wuya in ka mai da shi al'ada. Kowace safiya kafin ka yi addu'ar hawa, ka matsa tayoyi, ka gwada birki biyu, fitila da oda. Duk mako ka duba baƙin mai, ka sa wa sarƙa mai, ka ga ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma ɗaure tamau ba. Wasan kamar faɗin yatsa biyu ya isa. Juye kada ya wuce kilomita 1,500 a irin ƙurarmu, kuma ka sayi man a rufe daga wurin da ka yarda da shi, a buɗe a gabanka. Lokacin hunturu a riƙa wanke soson iska akai-akai, in ya toshe mashin ya riƙa shan mai yana kasala. Man bumburutu na cikin galan sai dole, domin datti da gaurayen da ke cikinsa a kafireto suke sauka.

Ka tanadi ambulan ɗaya tun ranar saye. Duk rasit na juye, na taya, na gyara, ka jefa a ciki. Shekara uku ko huɗu kamar gobe ne, takardar bautar ƙasa za ta fito ta jefa ka Ebonyi ko Bayelsa, kuma ba za ka tafi da shi ba. Ranar da mai saye ya zo da nasa bakaniken da sassafe ya taɓa inji ya ji sanyi, sai ka miƙa masa ambulan ɗin tare da makulli, ka koma gefe ka bar su su duba.